Godiyar da Ta Buɗe Mini Ido

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni malamar firamare ce, matar aure, uwar yara, har Allah ya nuna mini jikoki. Na daɗe ina so in ba da wannan shaida ina jinkiri, domin ba irin wadda muka saba ji ba ce. Babu wahayi a cikinta, babu mafarki, babu bashin da aka biya mini dare ɗaya. Abin da Ubangiji ya yi mini shi ne ya buɗe mini ido a kan hanyar da na yi shekaru ina bi, kuma ta ƙofar godiya ya shigo.

Na tashi a gidan rufin asiri. Ba mu da dukiya, amma ban taɓa kwana da yunwa ba, ba a kuma taɓa koro ni daga makaranta saboda kuɗi ba. Mahaifiyata mace ce mai addu'a, ita ta koya mana cewa duk abin da ya shigo hannu daga Allah yake. Da wannan tarbiyya na yi aure, da ita na reni nawa 'ya'yan.

Sai rashin lafiya ya zo. An yi mini aiki, aikin bai zo da sauƙi ba, na yi doguwar jinya. Wanda ya taɓa kwanciya ya san yadda duniya take tsukewa har ta koma gado da taga ɗaya. Ta wannan tagar na fara lura da abubuwan da ban taɓa tsayawa na kalla ba. Hasken safiya yakan fara taɓa saman bango kafin ya gangaro ƙasa. Wasu ƙananan tsuntsaye sukan zo kullum a lokaci guda, su cika wurin da hayaniya, su tashi gaba ɗaya. Ƙanwata da ta yi jinyata ta kawo mini ɗan littafin rubutu, ta ce, "Yaya, kowane dare ki rubuta abin da kika gode wa Allah a kansa, ko da abu ɗaya ne." A shafin farko ta rubuta mini 1 Tasalonikawa 5:18, inda Bulus ya ce mu yi godiya a cikin kowane hali. Da farko hannuna yana rawa nake rubutun. Ran da na iya zama ba tare da an tallafe ni ba, na rubuta. Ran da na ji daɗin ruwan sanyi a maƙogwarona, na rubuta. A hankali na zama mai farautar abin godiya, tun da safe idona yake neman abin da zan kai wa littafin da dare.

Da na samu sauƙi na koma aiki, likita ya ce in riƙa tafiya a ƙafa, a hankali, kada in yi gaggawa. Haka na daina shiga mota zuwa makaranta. Nakan fita da sassafe, in yi ta takawa ina hutawa.

A kan hanyar akwai wani babban gida da furanni suka lulluɓe katangarsa, ja da fari da ruwan hoda, sun zubo har waje. Idan rana ta fito ta haske su, sai ka ji kamar ka tsaya kada ka wuce. Sun shiga littafina sau da yawa. Waɗanda suka kaɗe da dare sukan rufe ƙasa, kuma kullum akwai wani dattijo da yake share su, shi ne mai gadin gidan. Muna gaisawa. Amma mai tafiya a hankali ba ya iya zaɓen abin da zai gani. Wata safiya na tsaya hutawa kusa da shi, ina kallon furannin da tsintsiyarsa take tarawa, sai idona ya sauka a kan ƙafarsa. Takalminsa ya rabu biyu, ya ɗaure shi da waya, wayar ta ci fatar ƙafar har ta yi miki. Na ɗaga kai na dube shi sosai. Rigar jikinsa a wanke take tas, amma ta sha ɗinki har ba a gane asalin yadin. Yana tari irin mai fitowa daga can cikin ƙirji. A gefen ƙofar gidan na hango inda yake kwana, ɗan ɗaki ne da mutum ba zai iya miƙe ƙafa sosai a ciki ba, da kwali a shimfiɗe.

Na ce, "Baba, wannan tarin ya daɗe?"

Ya ce, "Ya kwana biyu, 'yata. Sanyin asuba ne."

Na wuce, amma ƙafar nan ta bi ni har aji.

Ba a daɗe ba aka yi wani ruwa da dare, irin wanda nake ƙauna tun ina yarinya. Na kwanta ina jin saukarsa a kan rufi, iska mai sanyi tana shigowa, ƙamshin ƙasa ya cika ɗaki. Kafin barci ya ɗauke ni na jawo littafina na rubuta godiya saboda ruwan sama da barci mai daɗi. Da safe gari ya yi wasai, ganyaye sun wanku, komai yana sheƙi. Na isa aji da farin ciki.

A layi na biyu akwai wata yarinya mai ƙoƙari, ba ta da surutu, ba ta fashi. Ran nan na same ta ta kifa kai a kan tebur tana barci tun darasin farko. Na tashe ta na ce ta kawo aikin gida. Ta miƙo mini littafinta a jiƙe, shafukan sun manne, tawadar ta narke. Na ce, "Me ya sami littafinki?" Ta sunkuyar da kai. Sai da na kai ta waje, inda 'yan ajin ba za su ji ba, sannan ta ce, "Malama, a tsaye muka kwana. Ruwa ya shigo ta sama, ya shigo ta ƙasa. Mama ta goya ƙanina, ni na riƙe kayanmu."

Ruwan da na gode wa Allah a kansa ke nan. Shi ne dai, ba wani ba. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuwa a ranar na ji karin maganar nan ba a matsayin karin magana ba.

Da dare na buɗe littafin, alƙalami a hannu, na kasa rubuta komai. Akwai maganar da muke yi wa juna ta lallashi, mu ce, "Ki gode wa Allah, wasu ko wannan ba su samu ba." Gaskiya ce, kuma da kyakkyawar niyya ake faɗinta. Amma a daren nan ta ƙi shiga littafina, domin "wasu" ɗin sun yi fuska, sun yi suna, ɗaya tana zaune a ajina, ɗaya yana shara a hanyata. Na tuna da Bafarisiyen nan na Luka sura 18 da ya je Haikali addu'a. Da godiya ya buɗe bakinsa. Ya gode wa Allah da bai zama kamar sauran mutane ba, har ya nuna mai karɓar harajin da yake tsaye daga nesa. Yesu ya ce ba shi ne ya koma gida barattacce ba. Na ga cewa in na rubuta, "Na gode da rufina ba kamar nasu ba ne," to na ɗauki wahalar yarinyar nan na ƙara wa godiyata armashi da ita. Wahalarta ta yi mini amfani ke nan, ni ban yi mata amfanin komai ba. Ban yarda Allah yana jin daɗin irin wannan godiya ba, kuma har yau ban yarda ba.

Daga nan sai na shiga wani hali mai nauyi. Littafin ya zauna a rufe. In na zo katangar furanni sai in kawar da kai, ina jin kamar ba ni da ikon jin daɗinsu alhali ga mai share su a wannan hali. In an yi ruwa da dare sai barci ya ƙaurace mini. Na shiga karance-karance a kan talauci, na ga Bankin Duniya a 2025 ya sa ma'aunin matsanancin talauci a dala 3 a rana, kuma mutum wajen miliyan 800 ne suke ƙasa da wannan ma'auni, kusan ɗaya cikin kowane goma a doron ƙasa. Ni da aikina ƙirga kawunan yara ne kowace safiya, na san abin da ɗaya cikin goma yake nufi. Lissafin ya ƙara danne ni. Na ce, ina amfanin ɗan abin da ke hannuna a gaban wannan?

Maigidana ne ya lura. Mutum ne mai ƙarancin magana, ya bar ni na kwana biyu, sannan wata rana bayan addu'ar dare ya ce, "Na ga kin daina rubutu." Na zayyana masa komai, ina kuka. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Kawar da kanki daga furen nan ya toshe yoyon ɗakinsu?" Na ce a'a. Ya ce, "To wa ya amfana da baƙin cikinki?"

Ya buɗe Markus sura 14 ya karanta mana labarin matar nan ta Betanya, a gidan Saminu kuturu, wadda ta fasa tulun turare mai tsada ta zuba wa Yesu a kai. Waɗanda suke wurin suka husata, suka ce ɓarna ce, da an sayar da shi fiye da dinari 300 an ba matalauta. Dinari ɗaya shi ne ladan yinin ɗan ƙwadago a zamanin, don haka turaren ya kai kusan abin da mutum zai samu a shekara. Lissafinsu daidai ne. Duk da haka Yesu ya ce su ƙyale ta, abu mai kyau ta yi masa. Sannan ya faɗi maganar nan da mutane suke yawan yankewa a tsakiya, cewa kullum muna tare da matalauta. Na sha jin ana kawo rabin ayar don a ce talauci ba ya ƙarewa, kowa ya ji da kansa. Amma ayar ba a nan ta tsaya ba, ya ci gaba da cewa duk lokacin da muka so za mu iya yi musu alheri. Maigidana ya kai ni Maimaitawar Shari'a 15:11, inda maganar ta samo asali. Can ma an ce ba za a rasa matalauta a ƙasar ba, kuma saboda haka ne aka umarci mutum ya buɗe hannunsa ga ɗan'uwansa mabukaci. Yesu bai hana matar turarenta ba, bai kuma sallame mu daga matalauta ba. Ya bar mana duka biyun a hannu.

Na yi kwanaki ina juya wannan. Sai wata aya da na haddace tun ina ƙarama ta zo mini da sabuwar fuska, wato Matiyu 6:28 zuwa 30, inda Yesu ya ce a dubi furannin jeji, ba sa aiki ba sa kaɗi, amma ko Sulemanu da dukan darajarsa bai yi adon ɗayansu ba. Su wa yake gaya wa? Mutanen da suke damuwa da abin da za su ci da abin da za su sa. Masu irin wannan damuwa ba attajirai ba ne. Talakawa ya kira su ɗaga ido su kalli fure. Ashe kyawun da Allah ya shimfiɗa a duniya ba na masu hali ba ne su kaɗai, ba kuma cin fuska ba ne ga wanda ba shi da shi.

Baba mai gadi ne ya tabbatar mini da wannan ba tare da ya sani ba. Na koma tsayawa wurinsa. Na kai masa takalmin maigidana, da izininsa, na kuma matsa masa har ya yarda muka je asibiti a duba tarin nan, aka ba shi magani na dogon lokaci. Muna zaune muna jiran layi ne na ce masa furannin gidansu suna burge ni. Fuskarsa ta sauya. Ya ce, "Ai ni na dasa su, 'yata. Da na zo gidan nan katangar tsirara take." Ya shiga ba ni labarinsu ɗaya bayan ɗaya, wanda yake son rana, wanda ruwa da yawa yake kashewa, wanda sai an datse shi yake yin fure. Ni ina kawar da kai daga furannin don tausayinsa, ashe su ne abin alfaharinsa.

Ba na so in ƙawata talaucinsa, domin shi bai ƙawata shi ba. Akwai masu cewa talakawa sun fi kowa kwanciyar rai, yawanci kuma masu faɗin haka a ƙoshe suke. Na taɓa tambayarsa yadda yake iya cewa "mun gode Allah" kullum. Ya ce, "Godiya dole ce, tunda na wayi gari. Amma yunwa yunwa ce, 'yata. Kada wani ya ruɗe ki." Ya gaya mini albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, kuma yakan yi jinkirin zuwa, ga iyali a nesa suna jiran abin da zai aika. Yana godiya, yana kuma faɗin cewa ana tauye masa hakki, bai ga saɓani a tsakaninsu ba. Ni ma da na duba Zabura ban ga saɓanin ba. Dawuda yakan yi kuka da yabo a waƙa ɗaya. Yakubu 5:4 kuwa ya ce ladan ma'aikatan da aka danne yana kuka, kukan kuma ya kai kunnen Ubangiji Mai Runduna.

Bayan ya ji sauƙi, wata safiya ya tare ni da wani reshe da ya yanko, ya naɗe gindinsa da jiƙaƙƙen tsumma. Ya ce, "Ki dasa a inda rana take bugawa." Na karɓa da hannu biyu. Na tuna da ikkilisiyoyin Makidoniya da Bulus ya ba da labarinsu a 2 Korintiyawa sura 8, waɗanda suke cikin matsanancin talauci amma suka roƙa a bar su su sa hannu a gudummawar da ake tara wa tsarkaka. Mai bayarwa yana da daraja, kuma Baba ya ƙi yarda a bar shi a matsayin mai karɓa kawai.

Wurin da ya fi gyara mini tunani a kan godiya shi ne Maimaitawar Shari'a sura 26. A can Allah ya koya wa Isra'ilawa yadda za su gode masa idan sun shiga ƙasar alkawari. Mutum zai sa nunan fari na gonarsa a kwando ya kai gaban bagade, ya ba da tarihin kakanninsa da bakinsa: yadda suka gangara Masar su kaɗan, aka bautar da su, suka yi kuka, Ubangiji ya fisshe su. Sai aya ta 11 ta ce ya yi murna da dukan alherin da Allah ya yi masa, shi da Balawe, wato mai hidimar sujada da ba shi da gādon ƙasa, da baƙon da yake zaune a cikinsu. Aya ta 12 ta ƙara da maraya da gwauruwa, a ba su zakar shekara ta uku su ci su ƙoshi. Wato tun asali ba a tsara godiya ta zama abin da mutum zai yi shi kaɗai a ɗaki ya rufe ƙofa ba. An ce ya yi murna, ba a ce ya ji kunyar albarkarsa ba. Amma an saka waɗanda ba su da gona a cikin murnar. Haka a Littafin Firistoci 19:9 da 10, an hana mai gona girbe gonarsa har gefe, an hana shi komawa kala, na matalauci ne da baƙo. Da wannan doka Rut ta yi kala a gonar Bo'aza, ita da surukarta suka ci, kuma daga zuriyar Rut Dawuda ya fito.

Fastonmu ya taɓa ba mu labarin Basil na Kaisariya, a ƙasar Kafadokiya, cikin Turkiyya ta yau. Wajen shekara ta 369 aka yi fari da yunwa mai tsanani a yankin, masu hatsi suka ɓoye suna jiran tsada. Basil ya sayar da abin da ya gada ya ciyar da mayunwata, ya kuma hau mumbari ya yi wa'azi a kan wawan attajirin Luka sura 12, mai cewa zai rushe rumbunansa ya gina manya. Ya gaya wa masu hali cewa abincin da suka ajiye na mayunwaci ne, rigar da take kwance a akwatinsu ta marar sutura ce, takalmin da yake ruɓewa a ɗakinsu na marar takalmi ne. Daga baya, yana bishop, ya gina wurin kula da matalauta da marasa lafiya a bayan birnin. Da na ji zancen takalmi sai da gabana ya faɗi, don na san takalman da na tarar a ɗakinmu ran da na je nema wa Baba guda.

Na koma rubutu a littafina, amma yanzu na raba shafin gida biyu. A dama ina rubuta abin da na gode a kansa, ba na rage komai, har ruwan sama da barci mai daɗi. A hagu ina rubuta sunan wanda wannan abin bai kai gare shi ba, in na san shi, da abin da zan iya yi. Wani lokaci abin da zan iya ɗin addu'a ce kawai. Sau da yawa kuwa ya fi addu'a, kuma na san haka tun kafin in ajiye alƙalamin.

Zancen yarinyar ajina na kai shi ga wasu 'yan'uwa mata da muke addu'a tare, bayan na je na gaida mahaifiyarta na nemi yardarta. Ba ta amince nan take ba, mace ce mai kamun kai, mijinta ya rasu, da wankau take riƙe da yaran. Na ce mata, "Maman yara, ba sadaka na kawo ba. 'Yarki tana da kai, ina so ta riƙa barci ta zo mini aji." Ta yi shiru, sannan ta ce to. Muka haɗa abin da ya sawwaƙa, mijin ɗaya daga cikinmu kafinta ne, ya yi aikin bai karɓi ko sisi ba. Aka gyara rufin, aka ɗaga dokin ƙofar. Wannan bai fitar da su daga talauci ba. Har yanzu akwai watan da uwar take rasa na haya, kuma unguwar tasu duk haka take, gidajen da suke yoyo sun fi wanda muka gyara yawa nesa ba kusa ba. Amma yarinyar ta gama firamare, tana sakandare yanzu, takan zo ta nuna mini sakamakonta.

Baba ya bar aikin gadi da ƙarfinsa ya ragu, ya koma wurin iyalinsa. Muna magana ta wayar ɗansa lokaci lokaci, tarin bai dawo ba.

Ina roƙonku addu'a a kan abu biyu. Na farko, lafiyata, domin har yanzu ina zuwa asibiti a duba ni. Na biyu, akwai wani yaro a ajina na bana da yake matso da littafi har kan hancinsa kafin ya iya karatu, kuma na lura ba ya fita wasa lokacin tara, yakan zauna ya ce ba ya jin yunwa. Na aika a kira mini kakarsa, ita take riƙonsa, ta ce za ta zo ranar Litinin. Ku roƙa mini hikimar yadda zan yi mata magana ba tare da na kunyata ta ba.